Mail Merge na Word da Excel: ra'ayina bayan na jima ina tura wasiƙun ƙungiya da shi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na masu riƙe da sakatariya ne, ta ƙungiya ko makaranta ko wani ofis da har yanzu ake ninke takarda a sa a ambulan a kai gidan waya. Ina son in faɗi abin da na gani game da Mail Merge ɗin da yake cikin Microsoft Word, wanda ake haɗa shi da jerin sunaye na Excel ya fitar maka da wasiƙu ko sitikar adireshi na mutum ɗari ko dubu a zama ɗaya. A taƙaice dai abin yana aiki, yana aiki sosai ma, kuma in kwamfutarka tana da Office ba sai ka sayi wata manhaja ba. Amma duk wanda yace maka danna maɓalli biyu ne an gama to bai taɓa riƙe jerin sunayen Hausawa ba wallahi, don bugawar ita ce mafi sauƙi, wahalar gaba ɗaya tana cikin jerin.

Na san wani zai ce wai a wannan zamanin wa yake tura wasiƙa ga WhatsApp. To mu ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ce, membobi sun haura dubu, kuma kaso mai yawa dattawa ne da suka yi ritaya, wani wayarsa ƙaramar nan ce mai tocila, wani yana da babbar amma jikansa ne yake riƙe da ita, sannan tsarin mulkin ƙungiya yace sanarwar babban taron shekara dole a rubuce ta isa ga kowa. Ba mu kaɗai ba ne ma, kamfanoni masu hannun jari dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ɗora musu ba masu hannun jari sanarwar kwana 21 kafin babban taro. Ga katin gayyata, ga takardar tunin kuɗin wata, ga kalanda. Takarda bata mutu ba tukuna.

Yadda yake aiki ba wani abu ne mai wuya ba. A Excel layin farko na sama kake rubuta kanun kowane kolum, suna, adireshi, gari da sauransu, kowane mutum kuma layinsa ɗaya a ƙasa. Sai ka buɗe Word ka shiga Mailings, ka danna Start Mail Merge ka zaɓi wasiƙa kake so ko ambulan ko sitika, sai Select Recipients ka nuna masa fayil ɗin Excel, sai Insert Merge Field ka jera inda suna zai zauna da inda adireshi zai zauna, Preview Results ya nuna maka yadda zai fito, Finish & Merge kuma ya kammala. Shikenan. Wanda ya iya taipin zai koya a yini guda. In sitika kake yi akwai wani maɓalli Update Labels, in baka danna shi ba gidan farko kaɗai zai cika sauran su fito fayau, wannan shi ne yake fara rikita sabon shiga. Haka kuma duk lokacin da ka sake buɗe fayil ɗin zai fito da wani gargaɗi mai maganar SQL, mutane su tsorata su ce bairos ne, ba komai ba ne tambayarka yake ko ya ɗauko sunayen daga Excel, ka danna Yes kawai.

Yanzu ga inda maganar take. Mail Merge kamar injin niƙa ne, abin da ka zuba shi zai fito, in dawarka da tsakuwa to garin ma da tsakuwa zaka kwasa. Shi baya gyara komai, baya sanin Muhammad da Mohammed da Muh'd da Moh'd mutum ɗaya ne, kuma jerin da na gada haka yake, mutum ɗaya ya shiga sau uku saboda duk shekara sabon fom ake cikewa kowa da yadda yake rubuta sunansa. Akwai Remove Duplicates a Excel ƙarƙashin Data, akwai kuma Find duplicates a cikin Word ɗin, dukkansu na gwada, suna kama wanda aka rubuta iri ɗaya sak ne kawai. Dorayi da Ɗorayi a wajensu unguwa biyu ce. Kuma akwai haɗari ta ɗaya ɓangaren, in ka ce ya goge ta suna kaɗai zai haɗiye maka mutane na gaske, don Sani Abdullahi nawa ne a aji ɗaya ma balle a ƙungiya gaba ɗaya. Abin da ya warware mana wannan shi ne ba kowane memba lambarsa ta dindindin a kolum na farko, da shekarar da ya gama makaranta, da lambar waya. Da lambar waya ake gane maimaici fiye da suna. Daga nan duk wanda zai sabunta adireshi lambarsa ake nema ba sunansa ba.

Kada ka cusa komai a gida ɗaya, wannan ita ce shawara mafi tsada da zan baka kyauta. Laƙabi kolum ɗinsa daban, suna daban, sunan mahaifi daban, layin adireshi na ɗaya, na biyu, gari, jiha, lambar yanki ta gidan waya, ƙasa, kowanne daban. Laƙabin nan kar ka raina shi, duk shekara bayan aikin Hajji sai an samu Malam da ya koma Alhaji da Malama da ta koma Hajiya, ga wanda ya zama Dakta, ga Barista ga Injiniya, ga wanda aka naɗa sarauta a garinsu kuma in ka tura masa takarda babu sarautar a jiki sai an kira ciyaman an kai ƙararka. In laƙabin a gidansa yake, gyaran daƙiƙa biyar ne. Akwai kuma Rules a Word mai If...Then...Else, da shi nake sa in kolum ɗin jinsi namiji ne ya rubuta Ɗan'uwa, in mace ce ya rubuta 'Yar'uwa a farkon wasiƙa. Wannan ɓangaren ya burge ni gaskiya, mutum ya buɗe takarda yaga kamar shi kaɗai aka zauna aka rubutawa.

Sai matsalolin da bidiyon YouTube ba zai faɗa maka ba saboda masu yinsa ba Hausa suke rubutawa ba. Na farko alamar nan ta ɗaurin sama da muke sawa a Sa'adu da Rabi'u. Excel yana da wata dabara PROPER da take mayar da farkon kowane suna babban baƙi, tana da amfani sosai in an taipa maka jeri duk da manyan baƙaƙe ko duk da ƙanana, amma duk harafin da ya biyo bayan alamar sai ta ɗauka sabuwar kalma ce, sai kaga Rabi'U da Mu'Azu da Sa'Adatu da Isma'Il. Wani yaro da yake taimaka mana a ofis ya taɓa bi ta kan jerin da ita da niyyar gyara, takardu suka fita, wani dattijo ya kira ni yace "Malam sakatare, wa ya raɗa min sabon suna ban ci naman ba?" na ce "Allah ya huci zuciyarka Baba, na'ura ce", yace to a gaya wa na'urar sunansa na yanka tun kafin a ƙera ta. Bayan PROPER dole ka bi da Find and Replace ka mayar da 'U zuwa 'u, 'A zuwa 'a, haka dai.

Na biyu ita dai alamar in ta zo a farkon kalma. Excel yana ɗaukarta a matsayin umarni ne cewa abin da ke gidan rubutu ne ba lissafi ba, sai ya ɓoye ta. Ka rubuta 'Yankaba ya nuna maka Yankaba, ka rubuta 'Yan Awaki ya cinye alamar. Sai ka danna ta sau biyu sannan ɗaya zata tsaya. Na uku sifilin farkon lambar waya, 0803 ya koma 803, wannan kowa ya sani, maganinsa ka mayar da kolum ɗin Text tun kafin ka fara shigar da komai. Haka ma kolum ɗin lambar gida, in na sama duk lambobi ne zalla sai can ƙasa aka samu 12B, Word yana iya fito maka da 0 a wurin, don layukan farko yake dubawa ya yanke hukuncin irin abin da ke cikin kolum ɗin. Kuɗi ma haka, ka rubuta 5,000 a Excel ya fito 5000 a wasiƙa babu waƙafi, kwanan wata kuma ya juya irin na Amurka wata kafin rana, 3 ga Afrilu ta koma kamar 4 ga Maris, kaga ai an ɓata taro. Ni yanzu duk abin da zai shiga wasiƙa a matsayin Text nake ajiye shi, ya fito yadda na rubuta.

Baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna fita lafiya lau in ka yi amfani da Arial ko Times New Roman. Irin rubutun ƙawa na katin biki ne yake kawo matsala, wani sai ya fito da ɗan akwati a gurbin harafin. In kuma tsohon jeri ne da aka taipa da fon ɗin Rabi'at na da, wato wani salon rubutun kwamfuta na Hausa, da zarar an canza fon sai kaga baka-baka da wasu alamomi sun maye gurbin baƙaƙen, sai an bi an sauya su. Sannan in wani zai turo maka jerin a CSV, wato wani nau'in fayil da Excel yake ajiye jeri a ciki, ka ce ya zaɓi CSV UTF-8, in ba haka ba Ƙofar Mata zata iso maka da alamar tambaya a gaba.

Akwai wani maɓalli Address Block da yake jera adireshi da kansa, ni bana amfani da shi, an gina shi ne a kan tsarin adireshin Turawa, lambar gida, titi, birni, lambar yanki. Namu kuwa kashi uku ne. Akwai masu akwatin gidan waya ko P.M.B. na wurin aiki, irin P.M.B. 3011 na Jami'ar Bayero, waɗannan su ne masu sauƙi. Akwai masu lambar gida da sunan titi irin na Nasarawa GRA ko rukunin gidajen gwamnati. Sai kuma mafi yawa, masu "bayan masallacin Juma'a, layin mai unguwa, gida na uku mai jan get". Wannan adireshi ne na gaske kuma ɗan unguwar zai kai ka har ƙofa, amma ba irin wanda zaka manna wa kan sarki ka jefa ka tafi ba ne. Saboda haka na ƙara kolum guda na sa masa suna hanya, a ciki ko dai waya, ko hannu, ko mota. Na waya su tafi gidan waya, na hannu masinja ya raba a babur cikin gari, na mota kuma a ɗaure su gari-gari a ba direba a tasha ya kai wa wakilinmu na can shi ya raba. A Edit Recipient List sai in tace in buga kowane kashi daban. Wannan kolum ɗin shi kaɗai ya rage mana asarar kan sarki fiye da komai.

Na gidan waya ina jera su ta jiha sannan ta gari kafin in buga, don su fito a jere a ɗaure su da roba dami-dami, ma'aikatan kanta ma sun fi sakin fuska in ka kawo musu a haka. Lambar yanki ta NIPOST guda 6 ce, mutane basu damu da sawa ba amma tana taimakawa wajen tantancewa, babban gidan waya na Kano 700001 ne, Kaduna 800001, Abuja 900001, Legas 100001, unguwanni kuma kowacce da tata. Muna da 'yan membobi a Maraɗi da Yamai, su nasu akwatin B.P. ake rubutawa, kuma sunan ƙasa a layin ƙarshe da manyan baƙaƙe shi kaɗai. In zaka kalli bidiyon 'yan Amurka zaka ji suna maganar rangwamen da gidan wayarsu yake yi in takardu sun kai 200 an jera su, da wani rumbun da ake duba wanda ya canza gida, wannan tsarinsu ne na can, kar ka ɓata lokaci kana neman maɓallinsa a Word. Nan kai ne rumbun, kai zaka bi mutane da waya kana tambaya har yanzu kana Hotoro ko ka tashi.

Maganar sitika. Wadda na fi so ita ce mai guda 21 a takardar A4, uku a kwance bakwai a tsaye, kowacce milimita 63.5 da 38.1, a jerin Word lambarta L7160 ƙarƙashin Avery A4/A5. In adireshin mutanenka dogaye ne irin na bayan masallaci ɗauki mai guda 14, L7163, faɗinta milimita 99.1. Ba lallai sai ta kamfanin Avery ɗin ba, na kasuwa da yawa a kan wannan awon aka yanka su, amma ka sa rula ka auna kafin ka sayi kwali guda. Ka kula kar ka zaɓi 5160, wannan ta takardar Letter ce ta Amurka mai guda 30, ba zata taɓa zama daidai a A4 ba. Kafin ka sa sitikar a firinta ka buga shafi ɗaya a farar takarda, ka ɗora a kan sitikar ka ɗaga su sama saitin taga, hasken zai nuna maka ko kowane adireshi ya faɗa cikin gidansa. Akwai wani shagon kwamfuta da muka kai aiki lokacin da firintar ofis ta lalace, yaron ya bar saitin da yake matse shafi ya dace da takarda, layin sama ya fito daidai, yana sauka yana zamewa, kafin a kai layi na bakwai sunan mutum yana sitika ɗaya garinsa yana ta ƙasa, kuma ya buga da yawa kafin a lura, mai shagon kuma yace sitikar ce bata da kyau. In zaka kai waje ka tsaya a kansu su sa Actual size. Firintar leza ta fi, don tawadar inkjet in damina ta taɓa ambulan sai ta narke, amma kar ka mayar da takardar sitika da aka ɓare wasu cikin leza karo na biyu, zafin yana ɗaga gam ta manne a ciki, gyaran ya fi kuɗin sitikar.

Ambulan kuma DL ce ta wasiƙa, A4 a ninka uku, C5 a ninka biyu, C4 ba ninki. In ka samu mai taga ka huta da sitika gaba ɗaya, adireshin da ke jikin wasiƙar shi zai leƙo, kuma ba za a taɓa sa takardar wani a ambulan ɗin wani ba, wanda yake yawan faruwa in yara sun zauna ninki suna hira. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu ba sai ka faro daga farko ba, a Finish & Merge akwai From da To ka sa daga mutum na kaza zuwa na kaza. In kuma ka riga ka haɗe su a fayil ɗaya, kowace wasiƙa sashe ce mai zaman kanta, a wajen lambar shafi sai ka rubuta s200-s250 misali, lambar shafi zalla bata cika yin aiki a nan ba.

Abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci kuma ba wanda yake maganarsa shi ne kolum ɗin matsayi. Mutane suna rasuwa, suna ƙaura, takardu suna dawowa. Kar ka goge layin kowa, ka rubuta rasu ko ƙaura ko ta dawo, da watan da ka samu labari, sai ka sa Skip Record If ya tsallake su. In ka goge, wata shekara wani zai ɗauko tsohon fom ya sake shigar da shi, takardar gayyata da sunan mamaci ta isa hannun iyalinsa suna cikin takaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk ambulan da ta dawo kuma a ranar ake shigar da ita, in ka tara a durowa ka manta baɗi ma zaka sake biyan kuɗin aika ta. Kuma fayil ɗaya tak, a hannun mutum ɗaya. Da zarar ma'aji yana da nasa kwafi, mataimakin sakatare yana da nasa, kowa yana gyara, an koma gidan jiya. Ka sa masa kalmar sirri, ka ajiye kwafi a filash, kar ka bar shi a kwamfutar shago bayan an gama bugu, don sunaye da adireshi da lambobin wayar mutane amana ce, yanzu ma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Lokacin siyasa sai ka ga masu zuwa suna lallaɓa ka a basu jerin, amsar ita ce a'a.

Inda ya gaza a wajena, babu shi a Word na waya, dole sai kwamfuta, kuma mutum biyu ba zasu yi aiki a kai cikin daɗi ba, in ka matsar da fayil ɗin Excel daga inda yake Word zai tsaya yana nemansa sai ka sake nuna masa. Baya ajiye tarihin wa aka tura wa me a wace rana, sai ka buɗe kolum da kanka. Girma ba matsala ba ce, Excel tun na 2007 yana ɗaukar layi 1,048,576, kai ne zaka gaji ba shi ba. Wanda bashi da lasisin Office akwai LibreOffice kyauta, shi ma yana yi amma hanyarsa ta fi zagaye. In mutanenka basu wuce talatin ba rubuta da biro ya fi maka sauri, in kuma banki ne ko kamfani mai dubun dubatar kwastomomi da ma'aikata da yawa suna gyara lokaci ɗaya, wannan sai rumbun bayanai na gaske. Amma ƙungiya, makarantar kuɗi, kwamitin masallaci, ofishin ƙaramar hukuma, daga ɗari zuwa 'yan dubbai, ina ba shi 4 cikin 5, ɗayan na cire ne saboda Rabi'U da sifilin waya. Mai son tsarin kolum ɗin da nake amfani da shi ya yi magana in turo masa fanko, babu sunan kowa a ciki.